Ranar da Aka Zuba wa Sosejin Sirkka Ruwa

Matar yayana Sirkka ba mai daɗin zama ba ce, kuma ko a gabanta na sha faɗa. Tun ranar da Yaya Taisto ya ɗauko ta daga ƙauyukan gabas ya kawo ta ƙauyenmu na nan kudancin Finland, 'yar firit da ita sai murya kamar ta mutum uku, muke sa-in-sa da ita. Ranar farko ta ɗanɗana miyar mahaifiyarmu ta ce gishiri ya yi yawa. Amarya fa! Ni kuwa da nake ƙanwar miji, na ɗauka zan juya ta yadda nake so, ashe ni za a juya. Yau ga shi duk mun tsufa, gidana na kallon nata, kuma har yanzu in ta ƙwala "Raili!" daga tsallaken hanya sai in ga na ajiye abin da ke hannuna na tafi.

Ta yi tatsar shanu, ta yi girki a makarantar ƙauye har aka rufe makarantar, ta haifi 'ya ɗaya da ke aiki a birni. Amma in ka ambaci Sirkka a yankinmu, soseji za a ce maka.

Mafarautanmu ba su da daji nasu. Dajin na manoma ne, kowa da yankinsa, su ke ba ƙungiyar mafarauta izinin shiga harbin barewa. Don haka duk shekara, in sanyi ya kama, ƙungiya kan shirya wa masu daji walima a zauren taro, a ci a sha a yi musu godiya. Akwai farfesu, akwai dankali, amma abin da ke sa tsofaffi su sa rigar coci su fito shi ne sosejin Sirkka: niƙaƙƙen naman barewa da kitse da puolukka, jajayen 'ya'yan nan masu tsami da muke tsinta a ƙasan daji, a ɗura a hanjin tunkiya, a rataye a sauna, wato ɗakin wankan tururinmu, hayaƙi ya dafa. Daga garinsu ta zo da dabarar sa puolukka. Da farko dariya aka yi mata, wai wa ya taɓa haɗa nama da 'ya'yan itace a hanji ɗaya. Da aka ɗanɗana sai kowa ya miƙo faranti.

Matsalar Sirkka bakinta ne. Duk maharbin da ya kawo mata nama sai ya sha faɗa. "Wannan harbi ne ko sara da gatari? Ka dagargaza kafaɗa ka kawo mini gudan jini in yi me da shi?" Manya sun saba, dariya ma suke yi. Matasan da suka shigo ƙungiya daga baya ba su saba ba. Da aka zaɓi Jarmo shugaba, wanda Sirkka ta sha ja wa kunne a layin abincin makaranta, sai ga shi har gida da hula a hannu. Ina zaune a kicin ɗin ina shan kofi.

"Inna Sirkka, mun zauna mun yi shawara," ya ce. "Akwai masana'anta a birni. A kai musu nama, su niƙa su ɗura su kawo a leda. Hutu muke so mu ba ki."

"Na ce maka na gaji?"

"A'a, amma ai shekaru..."

"Shekarun a kanka suke? Kai da sai na riƙe maka hanci kake fyace majina, yau kai ne mai raba hutu?"

Jarmo ya fita kunnuwansa jawur. Da maganar ta koma ƙungiya, tsofaffin mafarauta suka tsaya mata, matasa suka ja daga. Aka tsaya a kan cewa bana ma ita za ta yi. In ya fito yadda aka saba, aiki na nan a hannunta. In an sami tangarɗa, daga baɗi nama birni za shi. Sirkka ta ji, ta yi tsaki, ta ce tangarɗa sai dai a gidan uban wani. Amma na san ta. Ranar ba ta iya cin abinci ba, don in aka raba ta da aikin nan ban san me zai rage mata da za ta ɗaga kai da shi a ƙauye ba.

Shekarar kuwa kamar da gayya ta zo. Rani ya yi fari, puolukka ta ƙi fitowa a wuraren da muka saba. Na ce mu sayi daskararriya a kanti, ta dube ni kamar na zage ta. Haka ta ja ni muka yi ta yawo har bakin fadamar arewa, tsofaffi biyu a duƙe, sauro na cin mu, gwiwata na kuka. In na tsinto wadda ba ta gama nuna ba sai ta tsame ta daga bokiti ta nuna mini a fuska. "Raili, idonki na ado ne?" Na rantse a raina ba zan sake bin ta ba. Washegari na sake bin ta. Da muka tara abin da ya samu, ta shanya su a kan tanda suka ɗan yi yaushi, don in ruwansu ya yi yawa sukan fasa hanji.

Akwai kuma wani abu da daga ni sai ita muka sani. Yaya Taisto ya fara mantuwa. Mutumin da a da ba a shiga daji sai an tambaye shi inda barewa ta kwana, mutumin da rabin mazan ƙauyen nan a wurinsa suka koyi hura sauna, sai ga shi ya tashi da safe ya ɗauki bokiti zai je tatsar shanun da aka sayar tuntuni. Bindigarsa da kansa ya miƙa wa ƙungiya, ya ce idonsa ne ya yi rauni. A cikin mutane Sirkka ke amsa masa tambaya tun kafin ya buɗe baki, kuma da yake an san ta da katsalandan, ba wanda ya lura. Na sha ce mata ta gaya wa 'yarsu. Ta ce in sa ido a kan abin da ya dame ni.

Walima ranar Lahadi ce. Sirkka ta saba karɓar nama tun tsakiyar mako, ta gama hayaƙi kafin Juma'a. Laraba ta wuce ba nama. Alhamis ta kira Jarmo, ya ce motar mai kawowa ce ta lalace. Sai Juma'a da hantsi aka sauke mata robobi a ƙofar rumfa, kuma da ta buɗe sai da ta dafe ƙirji. Ba a cire kitse ba, ba a cire jijiya ba, har da gashi a jiki. Kitsen barewa kuwa in ya shiga soseji daskarewa yake a dasashi kamar kakin kyandir, dole a feɗe shi tas a sa wani kitsen.

"Da gangan suka yi," ta ce.

"Ba da gangan ba ne, rashin sani ne."

"To rashin sanin ma da gangan ne. Ɗauko wuƙa."

A rumfa muka yini, ba wuta ba ɗumi, don nama ba ya son zafi lokacin niƙa. Yatsuna suka ƙage har ban san ina riƙe da wuƙa ba. Ita ke zuba nama, ni ke juya injin hannu, injin da ya girme mu duka, in na yi sauri ta ce ina dama kunu, in na sassauta ta ce barci nake. Ta zuba gishiri da masoro da albasa, ta cuɗa da hannu, sannan ta barbaɗa puolukka a ƙarshe a hankali don kada su fashe. Da muka zo ɗuri kuma hanjin bana ya ƙi ba da haɗin kai, ka ja kaɗan ya yage. Duk wanda ya yage sai ta zagi tunkiyar da mai tunkiyar. Yaya Taisto na waje yana faskaren itacen leppa, don shi kaɗai take yarda a yi hayaƙi da shi. Da gangan ta bar masa faskaren, don ya ji da shi ake yi.

Jinkirin nan ne ya kai mu ga hayaƙi ranar Asabar, abin da ba ta taɓa yi ba. Asabar kuwa kowa ya sani ranar wanka ce. Tun muna yara, in yammar Asabar ta yi ka ga hayaƙi na tashi daga sauna, ba sai an kira ka ba.

Da sassafe muka jera sanduna a saman tsohuwar saunarsu ta bakin rafi, marar bututun hayaƙi, muka rataye soseji layi-layi. Sirkka ta hura wuta, ta yini tana shiga tana fita, idonta jawur, tana ƙara itace, tana taɓa wannan tana juya wancan. Wajen la'asar wuta ta koma garwashi, hayaƙi ya yi sauƙi, duwatsun murhu sun ɗauki zafi. Ta kira ni in gani. Wallahi ban taɓa ganin nata ya yi kyau haka ba. Sun yi ja suna ƙyalli, ana hango puolukka ta cikin fata. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "To, Jarmo ya zo da ledarsa." Saura kaɗan a sauke. Yaya Taisto na barcin rana a kujera, muka shiga kicin feraye dankalin gobe.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na ɗaga kai ne kawai na hango ta taga wani farin tururi na bulbulowa daga 'yar tagar sauna. Hayaƙi ba ya yin haka. Na waiga, kujera ba kowa. Sirkka ta riga ni gani, wuƙa ta faɗi daga hannunta, ta fita a guje ba ko takalmi a cikin dusar ƙanƙara.

Da ta banko ƙofa, zafi ya buge mu. Yaya Taisto na zaune a bencin sama, daga shi sai tawul, bokiti a gefe, ludayi a hannu. Ya ga hayaƙi ranar Asabar, ya ɗebo ruwa a rafi, ya shigo ya tarar da duwatsu sun yi zafi, ya yi abin da hannunsa ya saba yi tun yana yaro, ya watsa musu ruwa don tururin wanka ya tashi. Ba ludayi ɗaya ya zuba ba. Tururi ya kwashi toka da kunkunniyar rufi ya watsa a ko'ina, suka manne a jikin nama. Hanji ya farfashe, kitse da jan ruwan puolukka na ɗiga a kafaɗunsa.

"Yau wuta ta yi daɗi," ya ce yana tari. "Amma wane shashasha ne ya rataye tarkace a nan?"

Muka kamo shi muka fito da shi, don iskar ciki ba ta shaƙa ba ce. Yana layi muka zaunar da shi a kan kututture. Sirkka ta duba idonsa, ta sa kunne a ƙirjinsa, ta sa shi ya faɗi sunanta. Da ta tabbatar lafiya yake, sai ta koma ƙofar sauna ta leƙa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ɗauki bokitin ta yi jifa da shi har cikin rafi, ta juyo ta ƙwala ihu.

"Taisto, ka kashe ni! Ka kashe ni, ka huta!"

Ya dube ta, ya dubi hannunsa da ya yi baƙi da maiƙo. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Hawaye suka zubo masa, tsoho guda, yayana da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne mahaifinmu.

"Sosejinki ne? Tsohuwa, ni na yi?"

Ta dube shi tana huci. Can ta cire rigar sanyinta ta yafa masa.

"Ba ka yi komai ba. Tashi mu shiga, sanyi zai kama ka."

Ta wanke shi, ta ba shi kofi, ya koma barci. Mu kuma muka koma ceton abin da zai cetu. Muka goge, muka kankare, muka ɗauraye da ruwan ɗumi. Na bakin bango ne kawai ba su fashe ba, su ma da na gutsura sai ɗacin toka. Babu sauran nama, babu sauran puolukka, babu lokaci.

"Ki gaya musu gaskiya gobe," na ce. "Ba wanda zai ƙwace miki aiki a kan lalurar miji. Jarmo ba mugu ba ne."

"In ce me? In ce Taisto ya yi wanka da soseji?"

"Ki ce ba shi da lafiya."

"Su yi dariya a kanti har su gaji, in ya shigo kuma su yi ƙasa da murya suna kallon sa da tausayi? Yara su riƙa tambayar sa ko ya tuna sunansa? Mutumin da ya koya wa ubanninsu riƙe bindiga?"

"To aikin fa? Duk wahalar nan da kika ba ni a fadama a banza?"

"Yayanki ne fa, Raili."

"Don yayana ne nake faɗa! Yau sauna ce, gobe mene ne? Har yaushe za ki ɓoye?"

"Har ranar da ya gagara. In kika buɗe baki gobe, kada ki sake tako mini gida."

Na tafi gida raina a ɓace. Haushinta nake ji, da haushin Jarmo da motarsa, da haushin yayana da ba shi da laifi, abin da ya fi komai ci mini rai ke nan, don ba wanda zan kama in zaga.

Lahadi da rana zaure ya cika. Masu daji a teburin gaba, mafarauta na hidima, farfesu na tururi. Yaya Taisto ya sha kwat ɗinsa ta coci, an taje masa kai, yana gaisawa da mutane garau kamar ba shi ba. Tun da safe na gane babu abin da ya rage masa na jiya. Ya ma tambaye ni ko sosejin bana ya yi kyau.

Aka kawo faranti. Inda aka saba tarawa tuli, 'yan yanka ne baƙaƙe a shimfiɗe don su cika ido. Gwaggo Impi, wadda rabin dajin arewa nata ne kuma ba ta san kara ba, ta ɗauki yanka ɗaya ta tauna, ta tofar a hankici.

"Wannan gawayi ne ko nama? Sirkka, me ya same ki?"

Jarmo ya taso, kuma don gaskiya ban ga murna a fuskarsa ba. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Inna, ko laifin jinkirinmu ne? In naman ne ya lalace ki faɗa, mu muka jawo."

Ƙofa ce ya buɗe mata. Na taka ƙafarta a ƙarƙashin tebur. Ta ture ni ta miƙe tsaye, da muryar nan tata da ake ji har waje.

"Nama lafiya lau ya zo. Ni na ɓata. Na shiga dubawa, na ga duwatsu sun yi zafi, hannuna ya kai ga ludayi na zuba ruwa. Shi ke nan."

Wani matashi ya fashe da dariya, aka harare shi, amma wasu ma sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Sirkka da ke zagin mutane a kan gashi ɗaya a jikin nama, ita ce ta yi wa soseji wankan Asabar! Na san kafin yamma labarin ya zaga ƙauyuka. Tsofaffin da suka tsaya mata suka kafa ido a farantansu. Ni kuwa harshena kamar zai tsage, na cije shi.

Sai na ji ƙarar kujera. Yaya Taisto ne ya miƙe, ya gyara kwat, ya yi gyaran murya irin ta da, wadda in ya yi kowa ke saurare.

"Jama'a, ku saurare ni. Matar nan ta daɗe tana yi muku hidima, ba ku taɓa samun ta da kuskure ba. Ban so in faɗa a cikin mutane ba, amma tunda abin ya fito, ku yi mata uzuri." Ya ɗora hannu a kafaɗarta. "Tsufa ne. Kwanan nan ta fara mantuwa. Kada wanda ya yi mata dariya, in dai ina raye."

Ba wanda ya sake yin dariya. Gwaggo Impi ta kaɗa kai ta ce Allah sarki. Jarmo ya ce, "Ba komai, Baba Taisto, mun gane. Shi ya sa dama muke so ta huta. Daga baɗi birni za a kai." Mutane suka yi ta gyaɗa kai, suna yi wa Sirkka irin kallon nan na tausayi, suna magana ƙasa-ƙasa.

Yaya Taisto ya zauna yana jin ya fitar da matarsa kunya. Ya leƙa fuskarta ya ce, "Kada ki damu, tsohuwa, ina nan. Ni zan riƙa tuna miki."

Sirkka ta dube shi. Idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba. Ta jawo farantinsa, ta tsame baƙin yankan da aka sa masa ta mayar nata.

"Na gode, tsoho," ta ce. "Ci farfesunka kafin ya huce."